Ƙafafun Inna Mai Wankan Gawa

Da sunan Allah nike buɗe baki. Ni Kulu, ɗiyar Ige ta Mungadi, ni ke faɗi ana rubutawa, don ban taɓa riƙa alƙalami ba, ban kuma ga abin da hakan ya rage ni da shi ba. Abin da idona ya gani shi zan faɗa, domin duk wadda ƙafar tsohuwarta ko ta tsohonta ta kumbura ta ji, kada ta yi irin wautar da na yi da hannuna.

Ku fara sanin wace ce Inna. A Mungadi da ƙauyukan da ke kewaye, in mace ta rasu ba a taɓa ta sai an aika an kira Inna Ige da ƙawarta Gwaggo Tumba. Su ke wankan gawa. Tun ina goye Inna ke wannan aiki har na aurar da nawa ɗiyan, kuma ban taɓa jin ta dawo gida ta ce jikin wance kaza ne ba. In mata sun matsa mata da tambaya sai ta ce, "Mai wanka makauniya ce, kuma bebiya." Doguwar mace ce, mai tsabta har ta ba mutum haushi. Ko tsintsiyarta wanke ta take yi.

Shekarar da ta biyo bayan yanke mu daga Sakkwato, da anka ce mun zama 'yan jihar Kebbi, lokacin cirar albasa, ina ɗakina a Jega saƙo ya iske ni cewa takalmin Inna ya ƙi shiga. Na yi dariya, na ce wannan ma saƙo ne? Amma na shiga mota.

Na iske ta zaune bisa tabarma ta miƙe ƙafafu. Wallahi kamar an hura salka. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa kamar ƙullun fura, ya daɗe bai taso ba. In ta kwanta rigingine numfashi sai ya riƙa yi mata gardama, sai an tada ta zaune.

Ta ce, "Kulu, zo ki gani. Ƙibar da na nema tun ina budurwa ta zo, sai dai daga ƙasa ta faro."

Satin farko na masu shawara ne. Wannan ta ce sammu ta taka a hanya. Waccan ta ce a kira wanzami ya yi ƙaho ya zuƙe mugun jini. Wata maƙwabciya ta rage murya ta ce iskar gawa ce ta kama ta, aikin nan ai ba a yin shi a banza. Inna ta ji ta. Ta ce, "Tun ba a haife ki ba nike wanke su, sai yau za su tuna da ni? Matattu sun fi ku kunya."

Sati na biyu ƙanena Buhari ya zo daga Aliero, inda yake fataucin albasa. To ku da kun san mutanen Aliero, kun san in an ce ƙafa, sun ce tasu ce. Garin masu ɗori ne, mutum ya karye ko daga ina can ake kai shi. Buhari tun daga zaure yake cewa, "Ƙafa? Ƙafa ce kunka zauna kuna kallo ina Aliero?" Ya ɗauko mota munka tafi.

Mai ɗorin tsoho ne, ɗan ƙanƙane, hannu kamar icce. Ya bi ƙafar Inna da yatsu tun daga idon sawu har gwiwa, ya koma ɗayar. Sai ya saki, ya share hannu.

Ya ce, "Ƙashi lafiya lau. Wannan ruwa ne, ni kuwa ba ni ɗora ruwa. Ku kai ta asibiti."

Buhari ya ce, "Baba, ko ɗan tofi da ɗauri?"

Ya ce, "In na ɗaure wannan fata fashewa za ta yi. Kana son in ci goronka in cuci uwarka?"

Ko goron bai karɓa ba. Allah ya jiƙan wannan bawan Allah. Mutumin da ya san inda saninsa ya tsaya ya fi masu sani da yawa, kuma da na ɗauki darasi a wurinsa da ban faɗa ramin da na faɗa ba.

Daga nan munka wuce asibiti. Ba zan ɓoye ba, ranar na sha haushi. Tun hantsi muke layin kati, sannan layin ganin likita, har anka kira azahar. Inna na bisa benci ƙafafu a rataye, ina kallo suna ƙara cika, samari majiya ƙarfi suna tsallake ta suna shiga. Ni ina ta masifa, ita kuwa ta sami wata 'yar Jandutsi mai ciwon haƙori suna ta hira kamar a gidan suna.

Likitan yaro ne, amma mai hankali. Ya sa abin saurarensa a ƙirjinta ya daɗe. Da ya ji mu mutanen fadama ne sai ya yi mana magana da abin da muka sani. Ya ce, "Zuciya kamar mai jan jigo ce. Muddin shina ja, ruwa shina hawa. In ya gaji, ruwa sai ya kwanta ƙasa. Mai jigon Inna ya gaji." Wannan magana har yau tana kunnena. Ya ba da ƙwayoyi masu sa fitsari, ya ce ba gishiri, ba kanwa, a riƙa ɗora ƙafafun bisa matashi. Da za mu fita ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya ce maganin sauƙi zai kawo, ba waraka ba, mu kai ta inda ranta ke so mu lallaɓa ta.

Ban faɗa mata ba. Ba ta kuma tambaya ba. Na so ta zauna wurina a Jega, ta ce a mai da ta ɗakinta. Na roƙi maigidana, ya ce in tafi in zauna har abin da Allah ya yi.

Ranar da munka koma Mungadi, da la'asar, ta sa na sakaya ƙofa.

Ta ce, "Kulu, hanyar nan na san ta, na raka mutane da yawa har bakinta. Ba ta ba ni tsoro. Abu guda nike roƙo. Na wanke matan da anka bari jikinsu ya ruɓe tun suna da rai. Na ga tsutsa a jikin mai ɗiya goma. Akwai ɗakin da sai an cika shi da turare kafin a iya shiga. Ban taɓa faɗi ba, kuma yau ma ba ni kama sunan kowa. Ke dai kada ki bari in je hannun Tumba haka."

Na bugi ƙirji. Na ce, "Inna, ni Kulu? Ina raye?"

To ga inda girman kai ya kai ni. A unguwarmu a Jega ni ce gwanar gashi. Duk maijegon da ta kumbura ni ake kira, in tafasa ruwa da ganyen darbejiya, in tsoma ganyen in riƙa bugun jikin da shi, kwana kaɗan ki ga mace ta saɓe ta yi kyau. Sati na uku ya wuce, na huɗu ya kama, ƙwayoyin likita sun rage kumburin kaɗan sun tsaya. Na ce a raina, kumburi ai kumburi ne. Me ya raba na maijego da na tsohuwa? Likita ya ce ba gishiri ba kanwa, bai ce ba gashi ba.

Na ɗora tukunya. Na fara bugawa a hankali, na ce, "Inna, da zafi?"

Ta ce, "Ban ji komi ba."

Maimakon wannan magana ta tsorata ni, sai na ɗauke ta izini. Na ƙara icce. Kwana uku ina yi, safe da yamma, hannuna na ƙuna ina jin daɗi wai aiki na ci.

Rana ta huɗu na yaye zane na ga bororo ya taso mata tun daga ƙauri har bayan sawu. Wasu kamar ƙwan zabo, guda kuwa ya kai tafin hannuna, fata ta yi sheƙi ana hango ruwa a ciki. Nan ma ban tsaya ba. Na ce ai ga ruwan ya sami hanya. Na ɗauko allura na gasa a wuta na bi su ɗaya ɗaya na huda.

Ruwan bai tsaya ba. Yini guda yana tsattsafowa, ya jiƙa zane, ya jiƙa tabarma, ya jiƙa ƙasa. Fatar saman ta saɓule ta bar jan nama. Ga bazara ta kama, zafi kamar a toya ƙwai a tsakar gida, ƙudaje sunka ji labari. Kwana biyu a haka, na shiga da koko da safe sai na ji wani ɗan wari, kaɗan ne, irin na naman da ya kwana. Matar mahauci ce ni, ba a ɓoye mini wannan. Inna ma ta ji. Na ga ta ja hanci sau ɗaya. Ta dube ni, ta juya fuska wajen bango.

Da ma zagina ta yi.

Na ajiye kokon na ɗauki mayafi na nufi Maiyama. Anka nuna mini wata malamar jinya, Sista Rahila, mutuniyar Zuru, gajeruwa mai faɗa. Na durƙusa mata, ni da ban saba durƙusa wa kowa ba. Ta ce in jira ta tashi aiki. Da yamma ta hau bayan mashin ta biyo ni.

Tana ɗaga zanen ta ja da baya. Ta ce, "Kai! Wa ya dafa tsohuwar nan?"

Na buɗe baki ke nan Inna ta riga ni. Ta ce, "Ni. Ni na ce a ƙara wuta. Ke ɗiyar nan, faɗa kinka zo yi mini ko aiki?"

Sista ta ce, "Duka biyu, Kaka."

"To fara da aikin, faɗan ba shi ruɓewa."

Sista ta yi dariya har ta dafa bango. Sannan ta durƙusa ta yi aikin, tana yi tana koya mini. Ta ce ƙafar da ruwa ya cika fatarta ta miƙe ta yi siriri kamar bawon albasa, ba ta jin zafi yadda ya kamata, kuma ba ta da ƙarfin warkewa. Ta ce wani bororon ko ba a yi gashi ba zai iya tasowa da kansa, amma in ya taso ba a huda shi, fatar nan ita ce murfinsa. Ruwan wanki a tafasa shi a bar shi ya huce sarai, a sa ɗan gishiri kaɗan, a zuba a hankali, ba gurzawa. A rufe da farin ƙyalle mai tsabta, ba ɗauri. Da ya jiƙe a canza. Ba toka, ba garin magani, ba ganye ko na wane malami ne. Ta ba da wasu ƙwayoyi na kashe ruɓa.

Da na raka ta zaure na ce, "Sista, ni ce na yi gashin."

Ta ce, "Na sani. Dubi yatsunki duk sun ƙone. Uwarki ta rufa miki asiri. Saura ke ki rufa mata nata."

Wahalar da ta biyo baya ta ƙyalle ce. Wanda Sista ta bari ya ƙare a yini biyu, don ƙafafun suna shan sa kamar ƙasar rani. Munka yayyaga tsofaffin zannuwa, sai ga shi masu rini suna zuba, masu kauri suna manne wa miki, in an zo cirewa su taho da nama. Ina zaune na rasa dabara, Gwaggo Tumba ta zo dubiya. Inna ta ce in jawo akwatin da ke ƙarƙashin gado, in ɗauko ƙunshin da ke can ƙasa.

Na kwance. Farin alawayyo ne sabo fil, an naɗe shi da ƙanshin turare. Likkafaninta ne. Da kuɗin kaɗin audugarta ta saye shi tun da daɗewa, don ta ce ba ta yarda a naɗe ta da abin da ba ta san asalinsa ba.

Ta ce, "Yaga."

Gwaggo Tumba ta riƙe hannuna. Ta ce, "Ige, kin haukace? Kayan tafiyarki? Da mi za ni naɗe ki, da ganyen rogo?"

Inna ta ce, "Tumba, tsufa ya cinye miki hankali. Alawayyo ana samun shi kasuwa. Faɗa mini rumfar da ake sai da fata."

"Ni dai ban taɓa ganin wanda ya ci guzurinsa tun bai fita gida ba."

"To yau kin gani. In kin ga dama ki je ki ba da labari, ki ɓata sunanki da tsufa."

Gwaggo Tumba ta saki hannuna tana zaginta tana share ido. Ita da kanta ta kama gefe guda munka yaga.

Daga nan rayuwata ta koma tukunya da igiya. Na ware tukunya guda ba a dafa komi a ciki sai ƙyallen Inna. In wanke, in tafasa, in shanya a igiya cikin rana, ba bisa zana ba. Sau uku a yini nike canzawa, ranar da ruwan ya yi yawa sau biyar. Inda fata ba ta fashe ba in shafa man kaɗe da tafin hannu kamar ana shafa jariri. In juya ta dama, in juya ta hagu, kada baya ma ya ce zai yi nasa mikin. Liman ya ce ta riƙa shafa bisa ƙyallen in za ta yi alwala, ta yi salla a zaune.

Ƙudaje kuwa dabarar tawa ce, kuma ko Sista ta sara mini. Na sa anka saƙa sabon akurki na kaji, na yanke masa baki, na kife bisa ƙafafun, na lulluɓa mayafi mai shara-shara a kai. Iska na shiga, ƙuda ba ya shiga, zane ba ya taɓa miki.

Inna ta leƙa ta ce, "Madalla. Na haifi ɗiya ta kife ni kamar kaza. Saura ki watsa mini tsaba."

Abincin ma kullum sai mun yi. Ta ɗanɗana miya ba gishiri ta ce, "Kulu, wannan miyar ko gawa aka ba sai ta tashi ta yi ƙara." Amma tana sha. Tun da anka hana ta, ba ta taɓa roƙon ko ƙwayar gishiri ba.

Kowace safiya kafin ta karya sai ta ce in ɗaga akurkin. Ta sunkuya iyakar yadda numfashi ya bar ta, ta shinshina da kanta. Ba ta yarda da hancina ba, ta ce hancin ɗiya maƙaryaci ne. Kwana na takwas ta shinshina, ta sake, ta koma ta jingina. Ta ce, "Kawo kokon." Ranar na shiga bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun farkon ciwon.

Kada wani ya ce Kulu ta ce mikin ya warke. Bai warke ba. Ya dai yi ja, ya yi tsabta. Sabon bororo ya taso sau biyu da kansa, na dube shi ya dube ni, na rufe shi na bar shi. Masu shawarar satin farko kuwa, da jinya ta yi tsawo ƙafarsu ta ɗauke. Mai maganar iskar gawa ko ruwa ba ta taɓa ɗebo mana ba. Sista Rahila, wadda ba addininmu ɗaya ba, ba garinmu ɗaya ba, ita ce duk sati sai ta zo, kuma abin da ta yarda ta karɓa albasa ce kawai. Duk inda take Allah ya saka mata.

Sati na bakwai Buhari ya zo da sabon alawayyo. Ya ji labarin yagar, ya kai albasa kasuwa ya sayo. Ya ajiye gabanta yana jiran yabo. Inna ta murza shi da yatsu.

Ta ce, "Buhari, buhunan da ka sayar ka sayi wannan, manya a baki, ruɓaɓɓu a gindi?"

Ya ce, "Haba Inna!"

"Ni na haife ka. Rantse."

Ya sosa ƙeya. Ya ce buhu ɗaya ne kawai, shi ma ba ruɓaɓɓu ba, ƙanana. Ta ce ya je ya nemi mai buhun ya daidaita da shi, sannan ta karɓa. Ƙato da gemu ya koma Aliero ya yi yadda ta ce, ya dawo ya ba ta labari. Sannan ta sa na naɗe na mai da akwati.

Sati na tara fitsari ya ragu, kumburin ya hau har cinya, magana ta koma ɗaya ɗaya. Ta daina iya sunkuyawa, sai in ɗago tsohon ƙyallen in kai mata kusa da hanci, ta gyaɗa kai. Ranar Alhamis da hantsi na gama wanke ƙafafun, na sa sabon ƙyalle, na shafa mai, na kife akurki. Na ɗago in ce mata an gama, na ga leɓenta na motsi da kalmar shahada. Na riƙe hannunta muna yi tare har na ji ni kaɗai ke yi.

Allah ya jiƙanta, ya sa can ta fi nan.

Anka kira Gwaggo Tumba. Ta shiga da wata mata mai zuba mata ruwa, sunka saki labule. Ni ina zaune ƙofar ɗakin, mata na ta yi mini gaisuwa ban san abin da nike amsawa ba. Ba kuka nike ba. Kunnena na ciki. Ina sauraren ko za a ce a miƙo turare.

Ba a ce ba.

Da sunka gama Gwaggo Tumba ta fito, ta wanke hannu a hankali har gwiwar hannu, ta zo ta zauna gefena da ƙyar tana dafa kafaɗata. Na kasa haƙuri. Na ce, "Gwaggo, yaya kinka gan ta?"

Ta harare ni. Ta ce, "Ɗiyar Ige ce ke tambayata wannan? Ban ga komi ba."

Na sunkuyar da kai. Can sai ta miƙe ƙafafunta a gabana, ta ɗan ja zane ta dube su, busassu kamar kara.

Ta ce, "Amma ki ji da kyau, Kulu. Ran da waɗannan sunka kumbura, ban yarda kowa ya taɓa su ba sai ke."